Ga masu haɗa wasan cike gurbi kan 'yan sanda

Jama'a, kafin ku zana akwatuna, ku yanke hukunci kan haruffa masu ƙugiya. Ɗ da D ba za su zauna a gurbi ɗaya ba. Idan SANDA ta ratsa SANƊA a harafi na huɗu, wasan ya lalace, don ta farko abin dogarawa ce, ta biyu kuwa laɓaɓawa. Haka KW: ANKWA gurbi 5 ce idan kun raba, 4 idan kun haɗe. Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta shi a saman shafi.

Daɗin abin yana cikin kalmomi masu fuska biyu, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti. SAJE (4): "Yana da igiya uku, kuma yana tsirowa a kumatu." Igiya ukun nan za ta fara kai mai wasa wajen aure, daga baya ya tuna da hannun rigar ɗan sanda. DOKA (4): "Itace ce a daji, kitso ce a ka, mai karya ta sai caji ofis." KAKI (4): "Kurtu na sa shi, mai mura na tofar da shi."

KOFUR da KULKI kowanne 5 ne, duka da K suka fara, don haka "igiya biyu" ya wadatar wa na farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka amsa cikin tambaya. In amsar ƊANSANDA ce (8), kada kalmar sanda ta fito ko kusa. Ku ce "Magajin ɗan doka."