Kurakuran da ake yi wajen kashe kuɗin cizo da zafi

Kuɗin cizo ba ya jure zafi. Da zarar ya kai digiri 50 a ma'aunin Celsius, shi da ƙwansa duk mutuwa suke yi. Shi ya sa a Amurka da Ingila kamfanoni ke zuwa da injin hura zafi, su rufe gida su dumama shi na awoyi. Mu nan rana muke da ita, da tafasasshen ruwa da dutsen guga. Amma ko can ko nan, tun wurin shiri ake ɓata aikin.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne kwashe kaya zuwa wani ɗakin wai don a samu fili. Ai ka raba musu sabon masauki ke nan. Tufafi da zannuwan gado a ƙulle su cikin leda tun a ɗakin, daga nan sai wurin wanki da ruwan zafi, sannan a goge, musamman bakin ɗinki.

Sai shanya katifa. Mutum ya jefa ta a tsakar gida da hantsi, la'asar ya ɗauke, ya ce an gama. Saman ne kawai ya gasu. Ƙwarin sun gangara ƙasa inda ke da sanyi, ko sun shige cikin soso. A riƙa juya ta, a bi ɗinkin gefe da dutsen guga, a kan tsumma don kada soson ya ƙone. Ƙananan kaya kuma a sa su cikin baƙar leda, kaɗan-kaɗan, domin tsakiyar tulin kaya ba ya ɗaukar zafi. Gadon ma a kwance shi, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katako da ramukan ƙusa, can ne matattararsu.

Wasu kuma sai sun fara fesa fiya-fiya. Wannan tarwatsa su yake yi su shige tsagar bango, ga haɗari ga yara.

Idan masu injin zafi za su zo, a fitar da tukunyar gas, gwangwanin turare da na maganin sauro, kyandir, magunguna da man shafawa. A buɗe durowa, a janye kujeru daga bango don iska mai zafi ta zagaya.

Ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka a sake duba ɗinkin katifa bayan mako biyu. In an ga ɗigon baƙi-baƙi sabo, wato kashinsu, a maimaita.