Kurakuran da ƙannenmu ke yi wajen koyon tushen kalmomin Turanci

Duk shekara idan WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta matso, yaran da nake koya wa Turanci da yamma a unguwar Nima ta Accra sai su zo min da takarda cike da tushen kalmomin Girkanci da Latinanci, suna rera su kamar hadda. Na gaji da maimaita gyara ɗaya, gara in rubuta.

Mafi muni shi ne ka fasa kalma ka yanke mata hukunci ba ka buɗe ƙamus ba. Wannan ya taɓa cutar da ni. Da na gama sakandare, wani malamina ya rubuta min takardar shaida don neman aiki, ya ce taimakona "invaluable" ne. Na san "in" na kore ma'ana, kamar a "incorrect", sai na ɗauka cewa ya yi ba ni da amfani. Na ƙi kai takardar, aikin ya wuce ni, na yi watanni ba na gaishe da dattijon da bai yi min komai ba sai alheri. Ashe nufin kalmar abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Har yau abin na min ciwo.

Kuma "in" ɗin ma biyu ne a Latinanci: na korewa, da mai ma'anar ciki. "Inflammable" da ke jikin tankar mai yana nufin tana kamawa da wuta nan take. Kama da wane ba wane ba ne.

Sai haddar jeri. Haba ƙannena! Wa ya koyi sarfun Larabci a makaranta da haddace kaf, ta, ba tsirara? Da kitabu da katibu da maktabu aka gane shi. Ni tushe ɗaya nake ɗauka a mako, in bi shi a jikin motoci da allunan shaguna daga Mamobi har Circle. "Port" ɗauka ne: "transport", "import", "export", "portable", har "porter", wato ɗan dako irin na kasuwar Makola. Kowace kalma sai na sa ta a jimla tawa kafin in kwanta.

"Anti" na Girkanci adawa ce, "ante" na Latinanci kafin. Shi ya sa ɗakin awon ciki a asibiti ake rubuta masa "antenatal".

"Ped" ƙafa ce a "pedestrian", amma "paed" na "paediatric" yaro ne, daga Girkanci.

Kada ku rubuta "inlegal". Harafin "n" narkewa yake cikin na gabansa idan "l" ko "r" ne, kamar lamin "assalamu": "illegal", "irregular". Gaban "p" kuma ya koma "m", kamar a "impossible".