Yadda ake haɗa intanet a shago don kada ciniki ya tsaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kanta ya san wannan minti biyun. An gama ciniki, an ɗaure kaya a leda, kwastoma ya miƙo kati, an zura a POS, ya danna lambobinsa yana kare su da tafin hannu. Sai na'ura ta hau juyi. Kai kana kallonta, shi yana kallonka. Can sai yaron shago ya ce, "Oga, ba netwok." Wani kwastoman zai jira. Wani kuwa zai ce bari ya je ya ciro kuɗi ya dawo, alhali daga kai har shi kun san ba dawowa zai yi ba.

Tun da aka sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, taransifa da POS suka shige har teburin mai shayi. Yanzu sabis a shago tamkar mudu ne a hannun mai hatsi: in babu shi, sai kallo. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da sayen na'ura. Mutum ya ji maƙwabcinsa na yabon wata rawuta, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfuta, ya wuce kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ɗauko irinta, ya dawo ya tarar a nasa shagon ba ta tsinana komai. Sayen na'ura shi ne na uku a jerin nan, ba na farko ba.

Mataki na 1: Lissafa abin da zai hau kan intanet ɗin

Ɗauki biro da takarda. POS nawa ne? Waya nawa? Akwai kwamfutar da ake rubuta shige da ficen kaya? Akwai kyamarar tsaro da kake son leƙawa daga gida?

POS da manhajar banki ba sa cin data mai yawa. Abin da suke so shi ne kada layi ya yanke a tsakiyar aiki. Tura hotunan atamfa da shadda ta WhatsApp ma bai taka kara ya karya ba. Mai haɗiye data shi ne bidiyo. Kyamara ɗaya da ke tura hoto waje ba tsayawa a kan megabit 1 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 11 a kwana guda. Ninka da 30 ka gani. Saboda haka a bar kyamara ta riƙa ajiye hotonta a na'urar da ke cikin shago, kai kuma ka leƙa ta waya sa'ad da buƙata ta taso.

Mataki na 2: Auna sabis a inda za ka zauna

A nan zan ɗan daɗe, domin duk sauran aikin a kansa ya rataya.

Ari layukan kamfanonin da ake da su a yankinku. Ba sai ka saya ba, wayoyin yaranka da na maƙwabta sun wadatar. Ka shiga cikin shagon, wurin da teburin kuɗi yake, ba bakin titi ba. Kada ka yarda da sandunan sabis da ke saman fuskar waya, sukan cika fal alhali ko saƙo ba ya tafiya. A wayar Android, shiga saitin, ka gangara wurin bayanin waya, ka nemi inda aka rubuta SIM status. Za ka ga wata lamba mai alamar ragi a gabanta da dBm a bayanta. A 4G, in ka ga kamar -80, kana cikin ni'ima. Daga -100 an fara rauni. In ta kai -110 ko ta wuce, to, sai da dabara.

Sannan ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka ga gudun. Ka lura da gudun tura abu waje, ba na saukewa kaɗai ba, tunda mai sayar da kaya ta waya turawa ya fi yi.

Babban abin shi ne lokacin da ka yi awon. Gwajin ƙarfe 7 na safe yaudara ce. A kasuwa irin Kantin Kwari ko Singa, ƙarfen sabis ɗin da ke ba ka gudu da sassafe shi ne dubban wayoyi za su rufar wa da hantsi. Sigina na nan da ƙarfinsa, hanyar ce ta cushe, kamar titin Ibrahim Taiwo da la'asar. Ka auna da safe, da azahar, da bayan la'asar, har kwana 3, ka rubuta. In garinku na da kasuwar mako, ranar kasuwar ita ce ranar gwaji. Layin da ya fi dama a lokacin da ya fi muni shi ne naka, ko da wani ya fi shi gudu da asuba.

Na taɓa zuwa wa wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran babur, shagonsa kwantena ce. Ya canza layi har sau uku, ya zagi kowane kamfani. Na tsaya a bakin ƙofa na duba wayata, na taka zuwa ƙurya inda teburinsa yake na sake dubawa, lamba ta faɗi warwas. Na ce, "Alhaji, ai ba su ba ne, cikin akwatin ƙarfe kake zaune." Kwano da ƙarfe da kankare mai rodi duk suna tare sigina. Muka ɗaura rawutar a saman ƙofa, kusa da tagar iska. Ko kwabo bai ƙara kashewa ba.

Mataki na 3: Zaɓi hanyar da ta dace da awonka

In kai kaɗai ne da POS ɗaya, sim ɗin cikin POS ɗin da wayarka sun isa. Kada wani ya ɗora maka kaya.

MiFi, wato 'yar ƙaramar rawutar aljihu mai batir, tana da daɗin ɗauka, amma ba a yi ta don zaman shago ba. In aka bar ta a caji dare da rana cikin zafin Afrilu, batirinta kumbura yake yi. Wurin da na'urori suka kai 5 zuwa sama, a sayi rawuta ta tebur mai cin sim. Ka juya bayanta kafin ka biya: ka tabbata akwai ramukan kebul, akwai kuma wurin ɗaura eriyar waje. Ka tambayi mai kaya ko a buɗe take ko an kulle ta a kan layin kamfani guda. Ta kulle takan fi araha, amma ranar da kake son sauya layi za ka gane kuɗinta.

5G ya shigo Najeriya ta hannun MTN a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Inda ya kama, gudu ba a magana. Sai dai zangonsa gajere ne, kuma bango na rage masa ƙarfi fiye da 4G. Kada ka saya don ka ga talla, sai wayar da ke kama shi ta nuna maka shi a cikin shagonka.

In an ja faiba, wato wayar intanet da ake jawowa har cikin gini, a layinku, ita ce ta fi kwanciyar hankali ga ofis, makaranta ko shagon buga takardu da rajistar jarrabawa. Tambaya ɗaya za ka yi wa waɗanda suka riga ka ja: in masu aikin titi ko kwata suka tsinke wayar, kwana nawa ake yi kafin a gyara?

Starlink kuma, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, tauraron ɗan'adam yake kamawa, ba ruwansa da ƙarfen sabis. Ya dace da gona, da wurin haƙar ma'adinai, da garin da ke nesa da sabis. Yana son sarari a sama ba bishiya ba bene, ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana shi, kuma yana shan wuta ninkin-ba-ninkin rawuta. Ga ƙaramin shago a tsakiyar birni, ina ganin sayen raƙumi ne don ɗaukar buhu ɗaya.

Wani abu da za a iya tallata maka shi ne na'urar ƙara ƙarfin sigina. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sha gargaɗi a kan amfani da ita ba izini, domin tana dagula sabis ɗin maƙwabta. Eriyar waje da ake jonawa a rawuta da kebul, a ɗaura a kan rufi tana fuskantar ƙarfen sabis, ita ce hanya mai tsafta.

Mataki na 4: Samar da hanya ta biyu

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka yi ta tangal-tangal. A Satumban 2021 an rufe sabis ɗungurungum a Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya taɓa wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Irin waɗannan sun fi ƙarfin ɗan kasuwa. Amma yawancin yankewar yau da kullum layi ɗaya take shafa, kuma wannan kana da maganinta.

Ka ajiye layi na biyu daga wani kamfani daban, da 'yar data a ciki da ba a taɓawa. Akwai rawuta mai sim biyu da ke sauyawa da kanta, in babu, tsohuwar waya a aljihun tebur ta isa. Ka riƙa amfani da layin lokaci-lokaci, kuma ka tabbata an haɗa shi da NIN, kada ranar buƙata ka tarar an rufe shi.

Sai dai ka sani, sau da yawa kamfanoni biyu ko uku a ƙarfe ɗaya suke rataye kayansu. In man janareton wurin ya ƙare, tare za su yi shiru. Shi ya sa mai faiba da sim ya fi mai sim biyu tsira.

Haka nan POS: biyu daga kamfanoni daban-daban, domin wani lokaci sabis lafiya lau, can ɓangaren banki ne aka samu cikas. Ka haddace lambar USSD ta bankinka, ita ba ta neman data. Kuma duk rintsi kada a saki kaya saboda an nuna maka risit a waya ko saƙon alat ya shigo. Sai ka ga kuɗin a manhajar bankinka da idonka.

Mataki na 5: Wuta

Rabin "ba netwok" da ake faɗa a shaguna, ba wuta ne. An ɗauke, rawuta ta mutu, kafin a tayar da janareto ta sake kamawa an yi minti 5. Duba jikin cajar rawutar. In an rubuta 12V 1A, ba ta wuce wat 12 ba, ƙwan fitila guda ke nan. Ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, da ake yi don rawuta zai riƙe ta awanni, in dai ƙarfin wutarsa da bakin jonawarsa sun yi daidai da nata. Mai sola da inbata ya jona ta can. A ɗaga ta sama inda iska ke wucewa, kada a tura ta cikin durowa, a kuma kakkaɓe mata ƙura lokacin hunturu.

Mataki na 6: Kulle ƙofa

A ƙarƙashin rawuta akwai takarda mai adireshin shiga saitinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza. Kalmar sirri biyu za ka canza, kuma mutane ɗaya kawai suke tunawa: ta waifai, da ta shiga saitin kanta, wadda sau da yawa "admin" ce tun daga kamfani. A wurin tsaron waifai, zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar jonawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Kada ka sa lambar wayarka, tana rubuce a allon shago.

In rawutar na da waifai iri biyu, 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango, 5GHz ya fi gudu kuma bai cika cunkoso ba. Kwamfutar da ba ta motsi a ja mata kebul, yana kai mita 100 ba matsala.

Sai maganar yara da baƙi. Ka ba yaro ɗaya kalmar sirri, kafin Juma'a rabin layin na kanta, domin wayoyin yanzu suna raba ta da hoton QR ba sai an furta ba. Buɗe waifai na baƙi daban, ka ƙayyade masa gudu, ka bar na ainihi ga POS da kwamfutar lissafi. Duk sati ka leƙa jerin na'urorin da ke kai, wadda ba ka gane ba ka toshe ta. Yaro ya bar aiki, a canza kalma ran nan.

Mataki na 7: Tsare data, sannan ka yi gwajin yankewa

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ɓarnar data ta zama asara ta gaske. A kwamfuta mai Windows, saita waifai ɗin a matsayin mai awo, wato metered, don kada ta kwashi sabuntawa da rana tsaka. A WhatsApp kashe sauke bidiyo kai tsaye. Lambobin yanzu ɗaya ne a duk layuka: *323# ragowar data, *312# sayen data, 300 kiran kamfani. In ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, karɓi lambar ƙorafinka ka kira NCC a 622, kyauta ne. Tsarin da aka ce ba iyaka kuma, tambayi gigabait nawa za ka ci kafin a rage maka gudu.

Abu na ƙarshe, zaɓi wata safiya da ba kowa. Zare sim ɗin rawutar da gangan, ka koma gefe ka zuba ido. Yaronka ya san inda wayar ajiya take? Da caji a cikinta? Ya iya mayar da POS kan ɗaya layin ba tare da ya kira ka ba? Duba agogo. In abin ya wuce minti 2, a sake. Bayan nan ka rubuta matakan a kwali da babban rubutu, ka manna a cikin murfin durowar kuɗi.