Yadda Nake Nuna wa Ɗalibai Aikin Gangiliyosaid da Idon Karfasa

Ranar da na fara zuwa bakin Rima neman karfasa mai rai, mai kifin ya ga ina ta leƙa idanunsu, ya ce, "Malam, kifi kaka so ko ido?" Ido nake so. Kai ma karfasa za ka saya, kada ka ɗauko tarwaɗa, idonta ƙanƙane ne, wahalar da kai kawai zai yi.

Kafin ka taɓa almakashi, ka san abin da kake nema. A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, retina. Zaruruwan ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa ne ke haɗuwa su zama jijiyar gani, su nufi ƙwaƙwalwa. Idan ta mutum ta tsinke, shi ke nan. Ta kifi kuwa sake tohowa take, gani ya dawo. Roger Sperry na Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 1981, shi da Attardi sun nuna a 1963 cewa zaruruwan kifin ado mai ruwan zinare suna komawa daidai mazauninsu na da a ƙwaƙwalwa.

Abin da muke son gani shi ne ko gangiliyosaid na da hannu a wannan tohon. Shi gangiliyosaid wani irin kitse ne a fatar ƙwayar jijiya. Jelarsa na nutse cikin fatar, kansa mai sarƙar sukari na leƙe a waje, ɗauke da sinadarin sayalik asid. Bajamushe Ernst Klenk ya raɗa masa suna a 1942. Kada sunaye irin GM1 da GD3 da GT1b su firgita ka: harafin tsakiya ƙidayar sayalik asid ne, M ɗaya, D biyu, T uku. Mu nan Sakkwato mun san ɓarnar kwalara in damina ta sauka. To GM1 ɗin nan ne dafinta ke kamawa a hanji. Shi ya sa masu bincike ke ɗaukar sashen dafin da ba ya cutarwa, su shafa masa rini mai ƙyalli, ya nuna musu inda GM1 yake a jikin jijiya.

Yanzu aiki. Ka ajiye kifin cikin duhu kamar awa guda, domin a duhu retina ta fi saurin rabuwa da baƙin shimfiɗin da ke bayanta. Ɗalibai sun fi tsallake wannan, sannan su zo suna kukan ta yayyage. Ka ɗiga man kanumfari a ruwan har kifin ya daina motsi gaba ɗaya, kada a yanka dabba tana ji. Ciro idon tare da ɗan guntun jijiyarsa, ka sa cikin ruwan gishiri mai sanyi irin na ƙarin ruwa. Yanka kewaye da gaban idon, ka ɗage shi kamar murfin ƙwarya. Ƙwallon nan da yara ke rububi a kan dafaffen kifi zai fito garau kamar gilashi, ka ture shi gefe. Da lallausan buroshi za ka lallaɓo retina, a hankali. Wuri ɗaya za ta maƙale, inda jijiyar ta fita, nan za ka datse. Ka duba bakinta da kyau a madubin ƙara girma, daga wannan gefen kifi ke ƙara sababbin ƙwayoyi muddin yana raye yana girma.

Da wannan madubin ba za ka ga gangiliyosaid ba. Aikinsa ake gani, ta hanyar toshe shi. Ana yayyanka retina ƙanana, kamar rabin milimita, a jera a faranti mai shafin folilaisin, sinadarin da ke sa ƙwayoyi su manne, a zuba ruwan reno L-15. Bernard Agranoff da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan sun gano a shekarun 1970 cewa idan an murƙushe jijiyar gani mako ɗaya zuwa biyu kafin a ciro retina, zaruruwa na fitowa da yawa kamar saiwar gero. Wannan matakin sai da izinin kwamitin kula da dabbobi, malaminka na tsaye.

Faranti uku nake so. Na farko ruwan reno zalla, na biyu da ruwan jini na yau da kullum don kwatantawa, na uku da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, mai kama gangiliyosaid. In ka bar na biyu, ban karɓi sakamakonka ba. A 1982 Michal Schwartz da abokan aikinta a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun yi irin wannan gwaji da kifin zinare, antibodin ya dakushe fitowar zaruruwan. Abin da za ka rubuta ke nan: toshe gangiliyosaid na hana toho. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini cewa gangiliyosaid maganin makanta ne, na ja mata jan biro.

Ka yi aikin da hunturu, Disamba ko Janairu. Ƙwayoyin kifin zinare wajen digiri 20 ake renonsu, kuma zafin Afrilu a garin nan ya wuce 40. Na taɓa gwadawa a bazara, aka ɗauke wuta kwana biyu, da na buɗe farantan fumfuna kaɗai ta toho.