Kurakuran da Masu Gyaran Mota a Gida Suka Fi Yi da Kayan Aiki

Tun da kuɗin gyara ya yi tsada, mutane da dama a Zariya suka koma yin ƙananan ayyukan mota da kansu a ƙofar gida, kamar juyen baƙin mai da canjin fulogi da sauya taya. Wannan ba laifi ba ne, sai dai na gaji da ganin sababbin hannu suna maimaita kurakurai iri ɗaya, waɗanda kusan dukkansu daga yadda ake riƙon kayan aiki suke tasowa.

Mafi muni shi ne mutum ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don ya ɗaga gefe guda na ɗan lokaci a canza taya, shi kuwa babban jak mai aiki da mai, robar da ke cikinsa tana iya saki, motar ta sauko a kan ƙirjin mai ita, ga shi kuma ko ƙaramar Corolla nauyinta ya haura tan ɗaya. Yawancin ƙofar gidajenmu, daga Tudun Wada har Samaru, babu daɓe, kuma idan ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa, gindin jak nutsewa yake yi a hankali har ya karkace. Masu jera bulon siminti a matsayin madogara su ma ganganci suke yi, domin bulo ba ya lanƙwasa balle ya yi gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Ni dai al'adata ita ce in ja birkin hannu, in tokare tayoyin da ke ƙasa da dutse, in shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, in kafa madogarar ƙarfe, sannan in tura safayar taya ƙarƙashin gefen motar. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne, gara ya kai motarsa gareji.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne yawan ɗaure abu. Na taɓa sa fulogi inji yana da zafi, na kama shi da soket tun daga farko, na ji ya yi tauri amma na ƙara masa ƙarfi, sai kawai ya koma juyawa babu tsayawa. Kan injin motocin yanzu na alminiyom ne, wanda ya fi ƙarfen fulogi laushi, saboda haka haƙoran ramin ne suka cinye, kuma sai da aka sauke kan injin gaba ɗaya kafin a gyara. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Tun daga lokacin ba na taɓa fulogi sai inji ya huce, kuma da yatsu nake fara juya shi har ya zauna, sannan in kawo soket. Ina jin takaici idan na ga mutum ya zura dogon bututu a sifanar taya, ya hau kai da ƙafa yana tsalle, wai don kada taya ta fita. Notin tayar Corolla Nm 103 kawai yake buƙata a ma'aunin ƙarfin ɗauri, abin da ya wuce haka miƙar da kusoshi yake yi, ranar da kuwa taya ta yi faci a hanyar Funtuwa, babu mai iya kwance ta. Sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan an kai ƙarfin da aka saita, ita ce abin da na fi ƙauna a akwatina.

Sai batun lambar sifana, wato girman bakinta. Toyota da Honda sun fi amfani da 10, 12, 14 da 17, yayin da Peugeot da Golf ke yawan buƙatar 13, kuma wanda ya ɗora 13 a kan noti mai 12 zai murje kusurwoyinsa ne kawai. Filaya ma ba ta kwance noti ba ce. Araha ba ta ado: sifana mai sheƙi da arha bakinta buɗewa yake yi, shi ya sa na fi son in zaga Sabon Gari in nemi tsofaffi masu nauyi, ko da ɗai-ɗai zan tara su.

Wajen cire batir, a fara da wayar da ke da alamar ragi, domin idan aka fara da ta tarawa, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Sukundireba ba kurfi ba ce da za a riƙa dukanta da guduma. Notin taya kuma ana sassauta shi ne tun mota tana ƙasa, a ɗaure shi a gicciye bayan an sauke ta, sannan a sake dubawa bayan an yi tafiyar kamar kilomita 50.