Kurakuran da aka fi yi kan taya, gam da birki

Rannan ina zaune wajen mai faci a Agege, ina jiran a duba min taya, sai ga wani yaro da Keke Napep ya faka. Ya ce, "Baba, a rage min iskar baya, ruwa ake yi, so nake tayar ta baje ta kama ƙasa." Mai facin ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ɗana, in na rage maka, nan da wata biyu kai za ka dawo neman taya." Yaron bai yarda ba, ya ja kekensa. Wannan tunani, cewa duk abin da ya fi faɗi ya fi riƙo, shi ne uwar yawancin kurakuran da nake gani wajen direbobi da masu ɗaukar kaya.

Gwada da bulo. Ɗaura masa igiya ka ja shi a kan siminti yana kwance a faffaɗan cikinsa, sannan ka juya shi kan siririn gefensa ka sake ja. Ƙarfin da za ka sa kusan ɗaya ne. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya bayyana haka tun 1699: gogayyar busassun abubuwa masu tauri tana bin nauyin da ya danne su, ba ruwanta da faɗin da ido yake gani. Dalilin sai a 1950 wasu masana biyu, Bowden da Tabor na jami'ar Kambirij, suka shimfiɗa shi a littafi. Duk abin da muke gani sumul, in aka sa shi a madubin ƙara girma, tudu ne da kwari. In ka haɗa biyu, kawunan tuddan kaɗai ke taɓa juna. Bulo a kwance yana da kawuna da yawa, kowanne nauyi kaɗan ya ɗauka. A tsaye kawunan kaɗan ne, amma nauyi ya murƙushe su sun baje. Ka tara, lissafi ya dawo wuri guda. Saboda haka ɗan dako a kasuwar Mile 12 da yake juya akwati kan gefensa don ya yi sauƙin ja, wahalar juyawar kawai ya sha. Gara ya rage kayan, ko ya nemi amalanke.

To faɗi ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma a wajen ci, wato yadda abu yake cinyewa. Nauyi ɗaya in ya taru a ƙaramin wuri, nan zai yi rami da wuri. Dubi dunduniyar takalmin mai taka gefe guda. Haka kuma a taɓo ko yashi siririn abu nutsewa yake yi.

Mu koma kan yaron keke. Gaskiya ne roba ba ta bin dokar bulo sak, kuma in an rage iska tayar tana ƙara bajewa. Sai dai bajewar banza ce. Tsakiyar tayar tana sakin ƙasa, nauyi ya koma kafaɗu biyu, gefunan suna lanƙwasa suna miƙewa a kowane juyi har su ɗau zafi. Kafaɗun su cinye, mai ya ƙara tafiya, in an yi rashin sa'a ta fashe a kan gadar Third Mainland inda tsayawa kanta tashin hankali ce. Masu cika iska har taya ta yi tauri kamar dutse su kuma tsakiya suke cinyewa. Gyaran ba wuya: a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da kamfanin abin hawan ya rubuta, wanda a mota galibi yana jikin ginshiƙin ƙofar direba. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kare suɗaɗɗiyar taya da cewa ai motocin tsere ma tayarsu ba zane. Haka ne, amma a busasshiyar hanya, kuma da an fara yayyafi suke shiga a sauya musu mai zane. Aikin zanen shi ne ya ba ruwa hanyar fita don roba ta sami kwalta. In babu shi, ruwa ya shiga tsakani, motar ta hau kansa tana yawo, sitiyari da birki duk su zama ado. A Ingila doka ta hana hawa tayar ƙaramar mota in zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6. A Legas, inda ruwan Yuni kan kwanta a titi cikin minti kaɗan, ni ba zan jira ta kai nan ba. In za ka sayi tokumbo, wato tayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke jikinta wanda ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar roba tana bushewa ko da zanenta yana nan.

A wajen gam kuwa zance ya juya, don a nan yawan haɗuwa shi ne komai. Gam ruwa ne da yake gangarawa cikin kwarurrukan nan ya cike su. Mutane sai su ɗauka yawan gam ne ƙarfi, su lafta shi a kan ƙura su haɗa nan take. Tsaya ka kalli mai gyaran takalmi a Obalende. Sai ya kankare tsohon gam, ya goge da samfefa, ya hure ƙurar, ya shafa siriri a ɓangarori biyu, ya ajiye ya kama wani aiki. Kai kana ganin ya manta da kai. Sai ya taɓa da bayan yatsa ya ji ya daina kamawa, sannan ya haɗa ya bi da guduma daga tsakiya zuwa baki. Gudumar nan iska take kora, tana tilasta wa fuskokin biyu su haɗu. Facin tub ma haka ne, kuma ɗigon man inji ko maiƙon hannu ya isa ya ɓata shi. Tsaka da take tafiya a silin ko gam ba ta da shi, ƙananan gasu ne birjik a tafinta suke shiga kowane lungu na bango.

Sabon takalmin birki shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. An sa sabo, direba ya taka ya ji bai kama kamar da ba, sai ya ce bakanike ya sa masa jabu, ko ya yi ta danna shi da ƙarfi. Bai zauna ba ne tukuna, wurare kaɗan ne suke taɓa faifan ƙarfen da birkin yake kamawa. In ka matsa masa, wuraren nan su ƙone su yi ƙyalli, daga nan sai ƙara da santsi. A kwanakin farko a riƙa taka shi a hankali, a ba shi sarari ya huce.

Sai girisi a sarƙar babur. Ana lafta shi a kan datti da sunan kulawa, alhali yashin Legas in ya cakuɗa da maiƙo ya zama samfefa mai ruwa, yana cin haƙoran sufurket, wato faifan da sarƙar take hawa, a kowane juyi. A wanke da kananzir, a bari ta bushe, a sa mai kaɗan a goge na waje da tsumma.