Abin Da Matuƙi Zai Yi Idan Dolfin Suka Fara Tunkuyar Jirginsa A Teku

Mafi yawan dolfin da ke zuwa kusa da jirgin ruwa mai tafiya da iska wasa ne ke kawo su, domin suna son bin igiyar ruwan da goshin jirgi ke tayarwa. Idan ƙanana ne irin waɗannan, matuƙi ya ci gaba da tafiyarsa a kan hanya ɗaya da gudu ɗaya, kada ya karkata don ya bi su, kada kuma kowa ya jefa musu abinci. Da kansu za su gaji su tafi.

Lamarin ya sha bamban idan orka ce, wadda ita ce mafi girma a dangin dolfin, mai baƙin baya da farin ciki. Tun daga shekarar 2020 wani ƙaramin garke nasu da ke zaune a gaɓar Sifaniya da Fotugal da mashigin Jibralta, wanda ya raba Sifaniya da Maroko, ya ɗauki ɗabi'ar tunkuyar jirage, kuma abin da suke nema kusan kullum ɗaya ne, wato allon juya jirgi da ke cikin ruwa a ƙarƙashin bayansa. Sukan tura shi da kai, su cije shi, wani lokaci har su ɓalle shi, ruwa ya fara shiga ta inda ya karye. Jirage da dama sun nutse ta haka, ciki har da Alborán Cognac mai tsawon mita 15 a watan Mayun 2024, sai dai an ceto mutanen da ke cikinsu. Masana da yawa suna ganin wasa ne na matasan garken, kuma wannan fahimta tana da amfani ga matuƙi, domin tana nuna masa cewa ba naman mutum suke nema ba.

Shiri yana farawa ne tun jirgi na ɗaure a tasha. Waɗannan dabbobi suna bin kifin tuna ne, shi ya sa sukan yawaita tsakanin gaɓar Kadiz a kudancin Sifaniya da mashigin Jibralta daga Mayu zuwa Agusta, daga baya su yi arewa zuwa gaɓar Fotugal da yankin Galisiya na arewacin Sifaniya. Ƙungiyar masana ta GTOA, mai nazarin waɗannan orka, tana fitar da taswirar wuraren da aka gamu da su kwanan nan, don haka a duba ta kafin a tashi, sannan a tsara hanya kusa da gaɓa inda zurfin ruwa bai wuce mita 20 ba, matuƙar yanayi da duwatsu da ragar masunta sun ba da dama. A gwada famfon kwashe ruwa da rediyon oba-oba, a kuma tabbatar kowa ya san inda rigar cetonsa take.

Alamar farko sau da yawa ita ce sitiyari ya fizge da ƙarfi ba tare da an taɓa shi ba. A nan ne ake jin ciwo, domin dabba mai nauyin tan da yawa ce ke juya allon daga ƙasa, kuma wanda ya ƙanƙame sitiyari yana iya gurɗe hannu. Saboda haka a kashe na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, a riƙe sitiyarin sako-sako, kowa ya sa rigar ceto ya zauna a tsakiyar jirgi nesa da gefe, kuma kada wani ya leƙa baya da jiki a waje don ɗaukar hoto. Nan take a kira masu ceto ta tasha ta 16 a rediyo, a faɗi sunan jirgi da inda yake da yawan mutanen ciki, tun kafin a san ko an yi ɓarna.

Game da tsayawa ko tafiya kuwa, shawarwari sun sauya. Da farko an ce a sauke ƙyallen iska, a kashe inji, a bar jirgi ya tsaya cik har su rasa abin wasa. Daga baya hukumomin Sifaniya suka ba da shawarar kada a tsaya, a nufi gaɓa inda ruwa ba shi da zurfi. A ganina wannan ta biyun ta fi dacewa da wanda ke kusa da gaɓa kuma allonsa na aiki, amma wajibi ne matuƙi ya karanta umarnin ƙasar da yake cikin ruwanta kafin ya fita, domin ba lallai ne na Fotugal ya zo daidai da na Sifaniya ba.

Kada a jefa musu abin fashewa, kada a zuba man dizal a ruwa, kada a soke su da ƙarfe. Garken nan bai kai 50 ba, yana cikin haɗarin ƙarewa, doka tana kare shi, kuma cutar da su laifi ne.

Bayan sun tafi, a buɗe ramin da ke bayan jirgi a duba gindin allon da tocila ko ruwa na tsiyaya, a juya sitiyari a hankali dama da hagu. Idan bai amsa ba, a nemi a ja jirgin zuwa tasha mafi kusa. Da isa, a kai rahoton lokaci da wuri da yawan dabbobin ga GTOA, tare da hoton ƙayar bayansu, wato fiffiken da ke tsaye a gadon baya, idan an samu, domin da ita ake gane kowace ɗaya a garken.